Iya Ruwa Fid Da Kai: Shawara Kan Ƙaramin Jirgi Mai Ciki Biyu Domin Yara

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in yi magana da malaman makaranta, da 'yan'uwana akawuna, da sauran masu karanta jaridarka. Na san waɗansu za su yi dariya tun ba su kai ƙarshen wannan takarda ba, gama zancen jirgin ruwa ne, mai zancen kuwa mutumin Wagini ne. Za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ku da ke gefen Dajin Rugu, inda rafi ke gudu wata uku ya bar muku yashi wata tara, ina ku ina jirgi? To, ku yi haƙuri ku ji dalili tukuna, in ya so ku yanke hukunci.

Cikin daminar da ta wuce, ran nan na taso daga ofis da la'asar, na biyo ta wani kududdufi inda a ke haƙar ƙasar gini. Sai na tarar da yara sun kai goma a ciki, ko wanne ya rungume jarka yana bugun ruwa da ƙafa. Da na duba sosai, sai ga ɗana a cikinsu, can wajen da ya fi zurfi. Na tsaya a bakin ruwan ina daka masa tsawa, a nan ne na tuna cewa in jarkar nan ta suɓuce masa, ba abin da zan iya sai ihu. Na iya lissafi, na iya buga tafireta, amma ban iya iyo ba. Da muka koma gida na yi masa faɗa ƙwarai. Bayan kwana biyu aka gaya mini ya koma. Daga ran nan na gane hani ba ya raba yaro da ruwa, sai dai ya sa shi ya riƙa zuwa a ɓoye, inda ba babban da zai gan shi.

Wannan damuwa ba ta gidana ce kaɗai ba. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari na Bagwai, cikin ƙasar Kano. Ya ɗauko mutane ne daga ƙauyen Badau, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya za su wurin Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara. Cikin watan Mayu na 2022, ana bikin ƙaramar Salla, kwalekwale ya kife da yara a ƙasar Mai'aduwa, nan cikin Jiharmu, fiye da 10 suka riga mu gidan gaskiya. Cikin Mayu na 2023 kuma, a ƙasar Shagari ta Sakkwato, yara 15 suka halaka a ruwa za su ɗebo itace. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Kowa ya sani ajali ba ya wuce ranarsa, amma ko wace mutuwa da sanadinta, kuma a irin wannan hatsari sanadin kusan kullum ɗaya ne. Jirgi siriri, lodi ya yi yawa, ba rigar da ke hana nutsewa, yaran kuwa an loda su kamar buhunan gero, ba wanda aka taɓa koya wa abin da zai yi in jirgi ya karkata. Da ya karkata sai duk su miƙe su ruga gefe guda, shi ke nan.

Ban ga laifin kakanninmu ba da ba su bar mana ilmin jirgi ba, don ba su da ruwan da za su sa shi. Mu kuwa muna da shi. An gama dam ɗin Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-ma, cikin 1983. Ga na Jibiya a kan kogin Gada, ga na Ajiwa da ke shayar da birnin Katsina, ga na Sabke wajen Daura. Watau an kawo mana ruwa, amma ilmin zama da shi bai biyo shi ba. Ku dubi Kabawa a Argungu. Yaronsu yana tasowa ya tarar da ubansa bisa gora da homa a hannu, kuma a bikin kamun kifinsu da ya samo asali tun 1934 a kan yi tseren kwalekwale da wasannin ruwa iri iri. Abin da su suka gada, mu sai mun koya da gangan, kamar yadda muka koyi boko.

Shawarata ita ce a ƙera wa yaranmu na makaranta wani ƙaramin jirgi mai araha, mai ciki biyu, wanda iska ke turawa da ƙyalle, duk ƙira ɗaya awo ɗaya, su riƙa koyon ruwa da shi a gaban malamansu, su kuma yi tsere. Bari in faɗi inda na samo wannan, don kada a ce mafarki na yi.

Cikin 1947, a wani gari da a ke kira Kiliyawota a Jihar Fulorida ta Amurka, wani tsohon soja, Manjo Clifford McKay, ya so a samar wa yaran garin jirgi mai araha. Sai ya je wurin wani maƙerin jirgi, Clark Mills, ya ce ya fitar masa da jirgin da uba da ɗansa za su iya haɗawa a gida, kuɗinsa kada ya wuce dala 50. Mills ya dubi faifan katakon nan da kafintocinmu ke kira filawud, mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, ya yanke shawara jirgin ya bi awon katakon da ke kasuwa. Sabo da haka ya fito da tsawon ƙafa 7 da inci 9, goshinsa a datse kamar akwati. Aka sa masa suna Optimist. 'Yan kasuwar garin suka riƙa biyan kuɗin jirgi ɗaya ɗaya. Daga baya aka kai shi Danmak, daga can ya bazu, har ya shiga ƙasashe fiye da 100. Yara ne ke tuƙa shi har su kai shekara 15, kuma da yawa cikin waɗanda suka ci lambar tseren jirgi a wasannin Olamfik a cikinsa suka fara.

Akwai na biyu, wanda na ke so Edita ya duba da kyau. Cikin 1962, a Ingila, jaridar Daily Mirror ta tsaya wa wani jirgi mai araha da Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara. A kan ɗinke katakonsa da waya kamar yadda a ke ɗinke ƙwarya, sa'an nan a like bakin ɗinkin da gam. Aka yi ƙyallensa ja don ya dace da kan jaridar, aka sayar da kayan haɗinsa fam 63 da sule 11. An ƙera fiye da 70,000. Ashe jarida ma tana iya haifar jirgi.

Amma labarin nan yana da darasi na biyu, wanda ya fi na farko amfani gare mu. Jirgin da aka fara don ɗan talaka, da tsere ya yi zafi sai masu kuɗi suka shigo, aka koma yin sa a masana'anta da kaya masu tsada, har Optimist na tsere ya kai dala dubbai. Haka kuma jirgi mai ciki biyu da hukumar tseren jiragen duniya ta zaɓar wa matasa cikin 2015, mai suna Nacra 15, wanda aka yi tsere da shi a wasannin Olamfik na matasa a Ajantina cikin 2018, kuɗinsa ya kai na mota. Jirgi ne mai kyau, amma ba na ɗan Batsari ba ne. Abin da na fahimta shi ne araha ba ta tsare kanta, sai an kafa mata doka tun ran farko.

To, don me na ce mai ciki biyu? Turawa na ce masa katamaran, kalmar kuwa ta Tamilawan kudancin Indiya ce, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure. Kwalekwale biyu ne sirara, a jera su, a gitta musu itace biyu, a shimfiɗa wurin zama a tsakani. Kowa ya taɓa ɗora wa jaki kaya ya san hikimar. Buhu ɗaya bisa gadon baya, sai ka yi ta tallafe shi har gida, amma mangala ita ke zaunar da kanta, don nauyin ya rabu biyu. Haka jirgin nan ya ke. In ya karkata, cikin da ke ƙasa ruwa na tura shi sama, wanda ke sama kuma nauyinsa na jawo shi ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen tsibiran Tekun Fasifik da irinsa suka yi ta ƙetare teku tun kafin Turawa su san hanyar, kuma cikin 1976 aka gwada da wani mai suna Hokule'a, ya tashi daga Hawai har Tahiti, tafiyar mil fiye da 2,000, ba da na'urar nuna hanya ba. Wani Ba'ingile, James Wharram, ya ƙera nasa da hannunsa, tsawonsa bai cika ƙafa 24 ba, ya tashi daga Ingila cikin 1955 ya ƙetare Tekun Atilantika har Tirinidad. Ko a ƙasarmu dabarar ba baƙuwa ba ce, gama Bature matafiyin nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ba da labarin yadda mutanen Barno ke haye Komadugu da manyan ƙore da aka haɗa biyu biyu da itace. A Ikko ma, inda aka kafa kulob ɗin masu tseren jirgi cikin 1932, an daɗe ana tsere da irin mai ciki biyu da a ke kira Hobie.

Yanzu ga awon da na fitar. Ni akawu ne, ɗan abin da na sani na kafinta a makarantar Mishan na koya, sabo da haka ina kawo shi ne don masu sani su gwada su gyara.

Na farko, katako. In ka tsaga faifan filawud gida uku ta tsawonsa, za ka sami falle uku, ko wane inci 16 da ƙafa 8, watau ƙafa 24 ke nan daga faifai guda. In ko wane ciki ya zama ƙafa 12, gefuna huɗu za su ci ƙafa 48, faifai biyu ke nan. Ƙasa da murfi na ciki biyun su ma faifai biyu. Faifai na biyar a yanka shingayen ciki da allunan juya jirgi. Duka duka faifai biyar, ba a zubar da kome ba sai ɗan abin da aka fere a goshi. Tilas ya zama filawud mai gam ɗin da ruwa ba ya saki, a kuma shafe shi da fenti ciki da waje.

Na biyu, faɗi. Jirgin duka ya zama ƙafa 6, rabin tsawonsa. Itatuwan gicciye biyu a ɗaure su da igiya, yadda Wharram ya riƙa yi wa jiragensa na baya, don a iya kwancewa. In an kwance, yara biyu sa ɗauki ciki guda, amalanke kuwa ya kwashe jirgin duka. Wurin zama a saƙa shi da igiya kamar gado, ko a ja tamfol.

Na uku, ƙyalle. Jigo ɗaya na itacen turare, ƙyalle ɗaya na tamfol mai kauri wanda telan kasuwa zai iya ɗinkawa, girmansa kada ya wuce murabba'in ƙafa 60. A ƙarƙashin ko wane ciki a kafa dogon itace siriri, shi zai hana iska ta riƙa jan jirgin a kaikaice, ya kuma kare katakon in an hau kututture.

Na huɗu, shi ne uwar maganar. Ko wane ciki a rufe shi ruf, a cusa masa robobin ruwan sha da aka shanye, a toshe bakinsu sosai. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, sabo da haka robar lita ɗaya da rabi tana ɗaukar kusan kilo ɗaya da rabi. Roba 60 a ciki guda kilo 90 ke nan, biyun kilo 180. Yara biyu masu kilo 40 kilo 80 ne. Watau ko katakon ya fashe ruwa ya shiga, jirgin ba zai tafi ƙasa ba. Robobin kuwa ga su nan zube a ko wace tasha.

Kada in zama kamar dillalin da ke ɓoye aibin doki. Jirgi mai ciki biyu yana da wuyar kifewa, amma in ya kife yana da wuyar tayarwa, don yadda ya ke zaune daram a miƙe haka ya ke zaune daram a kife. Maganin wannan, a ɗaura ƙaramar jarka rufaffiya a kan jigo don kada ya nutse ƙasa, a kuma ɗaura igiyar da yara za su ja su tayar da shi, a koya musu wannan a ruwa marar zurfi tun ran farko. Yana kuma da nawar juyawa in an fuskanci iska, sai yaro ya yi haƙuri ya koya. Bayan wannan, dam ɗinmu suna da nasu halin. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye. Akwai tsargiya, wadda a ke ɗauka a bakin ruwa mai ciyawa inda ƙananan katantanwa ke zama, don haka a zaɓi wurin shiga mai tsabta, a kuma riƙa ba yaran maganinta. Akwai hadarin damina da ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi farat ɗaya. A ganina lokacin koyo shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da dam ya cika, iska kuma ta tsaya daga arewa maso gabas. Ran da hazo ya rufe gaɓa, ba fita.

Ga dokokin da na ke so a rubuta kafin a buga ƙusa ta farko. Ba yaron da zai hau sai ya nuna ya iya iyo. Ba mai hawa sai da rigar hana nutsewa, ko da ɗan Sarkin Ruwa ne. Mutum biyu ne a jirgi, na uku ya jira. In an kife, kowa ya riƙe jirgi, kada ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa. Ba a fita sai da babba a kwalekwale yana biye. Game da araha kuwa, kada a yarda da wani kaya da ba a sayar da shi a kasuwar Katsina ko ta Dutsin-ma. In an gama na farko a lissafa abin da ya ci, a mai da shi buhun masara, tun da ya ke Naira ba ta tsayawa wuri guda, a ce jirgin da ya wuce wannan ba zai shiga tsere ba. Jiragen su zama na makaranta, ran tsere a jefa ƙuri'a a kan wanda kowa zai hau. A sukuwar Salla mai dokin kirki ke wucewa gaba, amma a nan ɗan hakimi da ɗan mai faskare abin hawansu ɗaya, sai gwani ya ci.

Na san za a ce mini, mutanen da suka sha wahalar ɓarayin daji shekara da shekaru, aka kore musu shanu, waɗansu suka bar gonakinsu, su ne za a yi wa zancen wasa? Wannan magana tana da nauyi, ni ma a cikin wahalar na ke zaune. Amma ku tuna rikicin nan ya riga ya kai yaranmu da yawa Katsina da Jibiya da Dutsin-ma, watau kusa da ruwan da ba su sani ba. Kuma yaron da ya auna katako da inci, ya lissafa nauyi, ya ɗinka ƙyalle, ya koyi karanta iska, ya kuma saba da doka cewa jirgi yana da iyakar abin da ya ke ɗauka, wannan ya yi karatu. In ya girma ya zama mai fito, ba zai loda mutum 40 a jirgin mutum 15 ba. In fasinja ne, zai san lokacin da zai ce a sauke shi. Malamai sun fi ni sani, an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ya yi umurni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. 'Yan mata ma kada a bar su baya, a ware musu ranarsu da malamansu mata, gama da yawa cikin waɗanda suka rasu a Shagari mata ne.

Wa zai ɗauki aikin? Ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma, wadda aka kafa cikin 2011, ga Kwalejin Isa Kaita a garin, duk kusa da Zobe. Ga makarantar fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Ɗaya cikinsu ta ƙera guda ɗaya tak, ta kira masuntan Zobe su gwada shi su faɗi aibinsa, gama su suka san inda kututture ya ke da inda tarunsu ke shimfiɗe, kuma ba abin da zai yi albarka a ruwan in ba da yardarsu ba. A nemi hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai babban ofis a Lakwaja, ta duba shi. In ya ci jarrabawa, Edita ya buga awon a jarida kyauta, attajirai su sayi ɗaya ɗaya a rubuta sunansu a jiki, hakimai su sa ranar tsere.

Kafin wannan, ga abin da ko wane malami zai iya yi a makon nan ba da kashe kwabo ba. Yaranmu gwanayen ƙera motar kara ne. A ce su ƙera kwalekwale biyu na kara. A sa guda a daro, a riƙa ɗora masa tsakuwa a gefe, a ƙirga har ya kife. Sa'an nan a haɗa biyun da tsinke, a bar rata a tsakani, a sake ƙirgawa. Ni da ɗana mun yi, tun daga ran nan kuwa ya dame ni da tambayar yaushe za mu yi babba. Na ce masa sai ran da ni da shi muka iya iyo, na kuwa riga na yi magana da wani masunci zai koya mana. Gani ya kori ji. Wanda ya gwada ya rubuto wa Edita adadin tsakuwar da ya samu, kafintoci kuma su duba lissafina na katako, in na yi kuskure su gyara mini a wannan fili.

Allah ya tsare mana yaranmu a tudu da ruwa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Akawu, Wagini.